Mangwaron da Aka Zauna a Kai

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, ba don hanyar tana da nisa ba, sai don Baba ya ce shi bai taɓa jin inda aka tafi gona rana na tsakar ka ba. Na nuna masa a waya cewa sai ƙarfe tara suke buɗe ƙofa. Ya dubi wayar da idonsa mai lafiya, ya dubi maigidana, ya ce, "Gona ce ko banki?" Muna shafa addu'a muka sauko, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara goma sha ɗaya tana tafe tana gyangyaɗi. Baba kuwa yana gaba, da babbar riga da hula, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu, don ba shan iska kawai ba ne. Mahaifina manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Funtuwa. Wata uku ke nan da muka kawo shi wurinmu a Greenbelt, nan Amurka, saboda yanar ido ta rufe masa duka biyun. An yi aikin na dama, ya yi kyau, an kuma sa ranar na hagu a farkon Oktoba. To, tun da damina ta kankama a gida, gangar jikin Baba ce kawai take tare da mu. Kullum yana bakin taga, waya a kunne, yana tambayar ƙannena ko an yi maimai, ko an zuba taki. Abinci sai ya tsakura ya ture. Ranar Talata ya kira maigidana ya ce a dawo masa da tikitinsa mako mai zuwa, ido ɗaya ya ishi dattijo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ji abin da likita ya ce da kunnena: yanar ta hagu ta yi kauri sosai, barinta na iya tafiya da idon gaba ɗaya. Na yi magiya har na gaji. Sai dai ni 'yar fari ce, ko sunana Baba ba ya faɗa, balle ya zauna ja-in-ja da ni. Wata abokiyar aikina 'yar Jos ce ta ce in kai shi gonar 'ya'yan itace, ya taka ƙasa ya ga ganye, ko da tafiyar zai yi, ya tafi da zuciya mai sanyi.

Babban titin nan da ya yi wa Washington zobe mun same shi fayau. Maigidana, wanda rabin rayuwarsa a cunkoson titin nan take ƙarewa, ya ce ashe kwalta ce a ƙasa, shi kullum bayan motoci yake gani. Muka karkata arewa, hanyar Frederick. Dogayen gine-gine suka fara ja da baya, tuddai suka fito, ciyawa sharkaf da raɓa. Barewa uku suna tsaye a gefen titi suna kallonmu ko gezau. Baba ya juya yana binsu da kallo har suka ɓace, ya ce ko dai garin nan ba mafarauta, ko kuma mafarautan sun ƙoshi.

Da muka bar babban titi muka shiga ƙananan hanyoyi, sai ga masara, hagu da dama, iya ganinka. Nan na ga Baba ya gyara zama. Ya sauke gilashi, ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce, "Ikon Allah. Masarar nan ba ta da kunya." 'Yata, wadda ke jin Hausa amma da Turanci take mayarwa, ta farka ta tambaya wai me masara ta yi da za ta ji kunya. Sai da maigidana ya rage gudu don dariya. Na yi mata bayanin kunyar gona, tudun ƙasar da ake ja da garma a yi shuka a kai. Baba ya ce, "Ka ji amaryar tawa. Wannan in na kai ta ƙauye, da gero da gamba duk ciyawa za ta kira su." Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, duk faɗin gonakin nan bai ga mutum ko ɗaya a sunkuye ba.

Bakwai saura muka isa. Ƙofa a rufe da sarƙa, kamar yadda waya ta faɗa. Muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, na fito da shayi da ƙosai. Baba bai zauna ba. Ya bi shinge yana tafiya a hankali, ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza, ya sansana. Can sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta nufo mu, da kare a baya. Gabana ya faɗi, don a ƙasar nan ba a wasa da iyakar gonar mutum. Wani tsohon Bature ya fito, da hular hana-sallah da wando duk taɓo, sa'an Baba ne ko ya ɗan girme shi. Na yi sauri na ba shi haƙuri, na ce mahaifina manomi ne, shi ya hana mu barci. Tsohon ya dubi ƙasar da ke hannun Baba, ya yi dariya, ya ce tun da yake bai taɓa samun baƙon da ya riga shi fitowa ba. Ya kwance sarƙa da kansa.

Ya ce in muna son abin da ya fi komai daɗi a makon nan, mu biyo shi. Ya kai mu wasu layukan bishiyoyi gajeru, an sassare tsakiyarsu sun buɗe kamar ƙwarya, don rana ta shiga. Ɗan itacen da suke kira fic na san shi a kanti, mulmulalle, mai gashi-gashi a fata. Amma wannan iri daban ne. A baje yake, da ɗan rami a tsakiya, fasalin gauta, launinsa ja da ruwan ƙwai, kuma a manne yake da reshe ba ya lilo. Baba ya kawo idonsa na dama kusa, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ai mangwaro ne aka zauna a kai." Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu har yau.

Bai yarda ya kai baki ba sai da na tabbatar masa mai gona ne ya ce a ɗanɗana. Ya yi bismilla ya gatsa. Cikinsa fari ne, ruwa ya biyo gemu har wuyan riga. Zaƙi ne zalla, tsamin kaɗan ne, da wani ƙamshi mai sanyi, ƙwallon kuma ɗan mitsitsi. Baba ya ce wannan ko marar haƙori ya samu abinci. Ya ci uku a tsaye. Ni da na yi makonni ina bin mutumin nan da kwano, sai na juya baya don kada ya ga fuskata.

Da na yi masa bayanin tsarin wurin, cewa mu za mu tsinka da hannunmu, a auna, mu biya, sai ya tsaya cak. "Mu yi masa girbi, kuma mu biya shi?" Na ce haka ne. Ya dubi tsohon da wani irin girmamawa, ya ce, "A gaya masa ya fi 'yan kasuwar Funtuwa wayo." Haka Baba yake magana da ni, a gaya masa, a tambaye shi, kamar akwai wani tafinta a bayana.

Abin da ya haɗa su na gaske a gindin bishiya yake. Baba ya shafa wani kumburi da ke ƙasan kututture, ya ce, "An yi mata aure." Na rasa yadda zan juya, sai kawai na gaya wa tsohon cewa a wurinmu in an haɗa reshen wata bishiya da gindin wata, aure muke cewa. Ya yi dariya har da cire hula, ya ce shekara arba'in ɗin da ya yi ashe ɗaurin aure yake yi bai sani ba. Ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu, ya yanko reshe ya nuna yadda yake tsagawa. Baba ya karɓa ya nuna masa yadda yake yi wa mangwaronsa. Daga nan suka daina buƙatata. Wannan ya nuna da yatsa, wancan ya gyaɗa kai, kowa na magana da harshensa. Sau ɗaya aka neme ni, da Baba ya ɗaga ƙwallo ya ce a tambaye shi ko yana tsirowa. Tsohon ya ce yana tsirowa, amma sai ya sha sanyin hunturu tukuna. Mai son ya yaudare shi sai ya binne shi a yashi mai danshi, ya ajiye a firji wata uku. Ya ƙara da cewa ko ya tsiro, ba lalle ya yi kama da uwarsa ba. Baba ya saci kallon jikarsa da ke ɗaukar kanta hoto, ya ce, "Ko'ina haka 'ya'ya suke."

Ƙarfe tara jama'a suka fara kwararowa, tsohon ya tafi wajen rumfar awo. Indiyawa da Habashawa da Turawa, iyali-iyali, da hulunan rana da kekunan jarirai, wasu ɗaukar hoto ya fi tsinka yawa. An ba mu kwalaye marasa zurfi, aka ce a jera layi ɗaya, kada a ɗora wani kan wani, kuma a murɗa a hankali don fatar tana yagewa. Baba ya dubi kwalin ya taɓe baki. Ya sa hannu cikin babbar riga, ya zaro buhun shinkafa a ninke. Ashe tun daga gida ya shirya. Ya ce manomi ba ya dawowa daga gona da faranti.

Jama'a, na san abin da zai faru. Maigidana ma ya sani. Muka dubi juna. Amma mutumin nan yana tafe tsakanin bishiyoyi yana 'yar waƙar noma a ƙasan maƙoshi, yana zaɓen nunannu kaɗai, waɗanda suka yi laushi, yana jefawa a buhu. Wa zai tare shi? Ya cika buhun, ya girgiza don ya zauna, ya ƙara, ya ɗaure baki, ya saɓa a kafaɗa. Matar da ke awo ta buɗe baki za ta yi magana, na yi mata alama da ido ta yi shiru. Da nauyi ake sayarwa, kuma ba arha, don haka maigidana ya tura Baba rumfar askirim kafin a faɗi kuɗin. Askirim ɗin ma na fic ne, da gutsattsarinsa a ciki. Baba ya ce yana kashe haƙori, ya kuma shanye tas.

Dawowa ba ta yi daɗin tafiya ba. Rana ta buɗe sosai, irin zafin nan mai ɗanko na watan Yuli, titin kuma ya koma halinsa, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Muka ratse Wheaton don in yi cefane a kantin kayan abincin ƙasarmu. Ƙamshin daddawa da busasshen kifi ne ke tarbarka tun daga ƙofa. Na sayi fura da zoɓorodo da citta da kanumfari da tsamiya, da kaji a mahautar da ke gefe. Baba ya ci karo da wani direba mutumin Maraɗi, aka shiga gaisuwa, daga gida da iyali aka gangara ruwan bana da farashin taki. Har azahar muka yi a nan. Mota kuwa tana tsakar rana fiye da awa guda.

Da maigidana ya buɗe but don mu sa cefane, ƙamshi ne ya fara dukanmu, sannan muka ga aikin. Buhun ya zauna, ya koma rabi. Ruwa ya bi shimfiɗar but har wajen tayar safaya, ƙudan zuma biyu sun riga mu isowa. Waɗanda ke cikin kwalayenmu suna nan garau. Baba ya kwance bakin buhu, ya zura hannu, ya fito da shi cakal. Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce, ba da kowa ba, "Shekara sittin ina noma. Ƙasar da ko ɗan itacenta ban iya ɗauka ba, zaman me nake yi a cikinta?" Muka kama hanyar Greenbelt. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina nake fushi, don ni na ga ramin na bar shi ya taka.

Muna shiga gida na ɗaura zani, na rantse a zuciyata ko ɗaya ba za a zubar ba. Na kira abokiyar aikin nan tawa na ce ita ta jawo, ta zo ta taya ni. Muka juye buhu a manyan robobi uku: masu rai, masu rauni, da waɗanda suka riga suka zama kunu. Masu raunin muka tsoma a tafasasshen ruwa kaɗan, muka mayar a ruwan sanyi, fatar ta saɓule da kanta. Muna cikin haka sai ga Baba a ƙofar kicin, wurin da bai taɓa takawa ba. Ya ce, "A ba ni wuƙa." Ya shimfiɗa tabarma a falo, ya ja roba gabansa, ya shiga cire ƙwallo.

Waɗanda suka dame na markaɗa su a bilenda na raba biyu. Rabi ya shiga zoɓo, bayan na tafasa shi da citta da kanumfari na tace. Ya kashe kaifin tsamin, ya ba shi kauri, sukari cokali biyu kawai ya nema. Ɗaya rabin na dama fura da shi da yogot mai sanyi. Abokiyata ta soya albasa da attaruhu da citta da tafarnuwa, ta zuba yankakken fic da ruwan tsamiya da gishiri da ɗan yajin ƙuli, ta bar shi a ƙaramar wuta har ya yi kauri yana sheƙi. Da shi muka shafe kaji muka gasa. Masu ran kuwa muka tsaga biyu, muka ɗiga zuma da garin kirfa a ramin ƙwallon, muka barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, muka gasa har gefensu ya yi ja.

Ba duka ne suka yi ba, gaskiya. Zumuɗi ya ɗebe ni na ce ai abin da kabewa ke yi a miyar taushe, wannan ma zai yi. Kada wadda ta gwada. 'Yata ta ce kamar an zuba wa tuwo alewa. Maigidana ya ce ba laifi, yana faɗa yana neman ruwa, kuma tunda na yi rantsuwa, har jiya shi yake fama da ita.

Bayan la'asar muka zauna ci. Na miƙa wa Baba furar a kwanon sha. Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa. Ya tambayi maigidana, "Na buhun ne ko na kwalin?" Maigidana ya ce na buhun ne, Baba, na kwalin ba su yi laushin da za su damu haka ba. Abokiyata ta ce, "Baba, ai kun rage mana aiki ne, rabin markaɗen a mota aka yi shi." Ya yi murmushi, ya shanye, ya miƙo kwano a ƙara. Ya ci cinyar kaza da romon nan mai zaƙi da yaji, ya ce bai san nama na shiri da kayan marmari ba. Na gasasshen kuwa sai da suka yi rigima da jikarsa a kan na ƙarshe.

Da aka kwashe kwanuka na ga bai zubar da ƙwallayen ba. Ya zaɓi goma sha biyu, ya wanke su, ya shanya a kan jarida. Ya aiki maigidana ya samo masa yashi, ya yayyafa ruwa, ya jera su a robar yogot ɗin da muka juye, ya rufe. Ya riƙe robar a cinya, ya ce, "Wata nawa mutumin nan ya ce?"

Na ce, "Uku, Baba."

Ya lissafa da yatsu. Sannan ya dubi maigidana. "A bar maganar tikitin nan tukuna. Ba a barin iri a hannun mutanen da ke kwana a wurin aiki, kashe shi za ku yi." Ya miƙe da robar ya nufi firji, ya tsaya, bai juyo ba. "Tunda zaman ya kama, a gaya wa likitan ya yi abin da zai yi. In sun tsiro, ina so in gan su da kyau."

Na shige banɗaki na kunna famfo na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba girki ba ne, ko da yake zoɓon ya shiga gidanmu ke nan. Wata uku ina ba mahaifina magani a kan lokaci, ina kai masa abinci har gabansa, ina hana shi ɗaga ko tsinke, ina ganin gata nake yi masa. Ban taɓa tambayar kaina abin da mutumin da ya yi shekara sittin yana tashi don wani abu mai rai yake tashi dominsa a gidana ba. Ban sani ba ko ƙwallayen za su tsiro, ban kuma sani ba ko bishiyar da ke son hunturu za ta yarda da Funtuwa, kuma ba ni da niyyar tayar da zancen. Robar tana nan a firji tsakanin madara da ƙwai. Kowace safiya in ya idar da sallah sai ya buɗe ta, ya taɓa yashin da ɗan yatsa, ya yi mana faɗa a kan yawan buɗe firji, sannan ya ce a kawo abin kari.